Ranar da Yunwa Ta Ƙi Mutuwa

Malamar aji uku ba ta cika shekara da fara koyarwa ba, Hedimasta ya aika a kira ta ofis. Ta same shi yana tsoma biskit a kofin lemon kwalba, wanda shi ne karin kumallonsa tun kafin a ɗauke ta aiki. Ya ce taron iyaye ya matso, kowane aji zai hau dandamali ya nuna abin da ya koya, kuma nata ajin an ba shi batun yunwa a duniya da cin abinci mai amfani.

"Yallaɓai, 'yan aji uku ne fa," in ji ta. "Rabinsu har yanzu da yatsu suke lissafi."

"Ai ba lissafi na ce ba, Malama. Maganar ciki ce. Akwai wanda ba shi da ciki a cikinsu?"

Ta ce to. Amma kafin ta kai ƙofar aji dabaru sun fara yi mata tsalle a ka, don ita irin mutanen nan ce da in abu ya shige su ba su iya yin sa rabi-rabi ba.

Washegari ta shigo da ƙwallon taswirar duniya a hammata, da ƙaton burodi a leda. Aji ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, kuma ba don duniyar ba. Ta yanka burodin. Yara biyu ta ba su fiye da rabi, wasu 'yan kaɗan suka samu yanka mai kauri daidai misali, sauran aji kaf kowa ya tashi da ɗan gutsure kamar na tarkon ɓera.

"Kada wanda ya ci," ta ce. "Kowa ya dubi na hannunsa, ya dubi na maƙwabcinsa, ya yi tunani."

Ta juya ta rubuta YUNWA a allo. Da ta waiwayo sai ta ga kumatun Buhu sun kumbura kamar an hura balan-balan. Buhu ɗaya ne daga cikin biyun da suka samu babban rabo, kuma sunan ya bi shi ne saboda duk abin da aka zuba masa shigewa yake, bai taɓa cewa ya cika ba.

"Buhu, ina burodinka?"

Ya haɗiye da ƙyar, har idonsa ya kawo ruwa. Ya shafa ciki.

"Na ajiye shi a nan, Malama. A nan na fi iya tunani."

Aji ya kaure. Masu gutsure suka miƙe da hayaniya, wani ya fara kuka, ɗayar mai babban rabo ta cusa nata cikin riga ta shige ƙarƙashin tebur. Sai ga Lauya a kan benci. 'Yar ƙaramar yarinya ce mai wushirya, wadda ba a taɓa gama magana a gabanta ba ta ce "amma" ba.

"Wannan zalunci ne, Malama!"

"Yauwa!" in ji Malama, tana murna kamar an ba ta kyauta. Ta ɗaga ƙwallon taswirar ta juya shi. Ta ce haka abin yake a duniya: wani wuri abinci ya yi yawa har ana zubarwa, wani wuri ruwan sama ya ƙi zuwa, wani wuri faɗa ya kori manoma daga gonakinsu, wani wuri kuma abincin yana kasuwa amma hannun iyaye bai kai gare shi ba. Akwai yara sa'anninsu da suke kwana ciki na ƙugi, su tashi da safe yana ƙugi. Kuma ita yunwa ba a korar ta sau ɗaya a huta, ko an kore ta yau gobe da safe tana bakin ƙofa.

Yara suka dubi gutsuren hannunsu.

"Amma Malama," in ji Lauya, "wannan ke kika raba. Na duniya wa ya raba?"

Ƙararrawa ce ta ceci Malama. Sai da ta kwana da tambayar, washegari ta dawo ta ce, "Mutane ne suka raba, Lauya. Irinmu. Shi ya sa mutane za su iya gyarawa." Lauya ta ɗan yi tunani, ta gyaɗa kai kamar alƙalin da aka kawo wa shaida.

Daga nan aka shiga batun abinci. Malama ta raba allo gida uku: masu gina jiki, irin su wake da ƙwai da kifi, masu ba da ƙarfi, irin su shinkafa da dankali, masu kare jiki daga cuta, su karas, kabeji, ayaba da lemo. Ta sa musu waƙa, suna tafi suna buga tebur. Abin da ba ta hango ba shi ne, 'yan aji uku in suka yarda da magana, to sun yarda ke nan.

Kafin mako ya ƙare sun zama 'yan sandan abinci. Da an fita hutu sai su bi juna suna leƙa kula. Suka tare mai sayar da alewa a bakin ƙofar makaranta suka rera masa waƙar daga farko har ƙarshe, bawan Allah ya ɗauki farantinsa ya koma tsallaken titi. Wata safiya Malama ta hango su sun yi layi a tagar ofis, Lauya ta ɗage a kan yatsun ƙafa.

"Yallaɓai, biskit a wane gida yake? Mun duba duka ukun ba mu gan shi ba."

Hedimasta ya ja labule. Daga baya aka ji ƙarar buɗe kwalba a hankali, kamar mai satar shiga gida.

Har iyaye abin bai bari ba. Baban Lauya, direban babbar mota, ya zo da kansa, makulli a hannu.

"Malama, me na yi miki? Mutum ya kwana a hanya, ya dawo zai sha shayinsa, yarinya ta tsaya masa a ka tana ƙirga cokalin sukari. Jiya ɓoye gwangwanin ta yi gaba ɗaya. A cikin takalmina na same shi!"

Malama ta ba shi haƙuri tana danne dariya har haƙarƙarinta ya yi ciwo. Shi ma da zai tafi sai ya rage murya ya ce, "Amma dai tsakani da Allah, cokali nawa ne daidai?"

Don ranar taron, ta shirya ɗan wasan kwaikwayo. Yunwa za ta shigo gari ta kama yara, sai abinci su haɗa kai su yaƙe ta, ta faɗi ta mutu, a rera waƙa, a sauka. Ta ɗauka ba wanda zai so ya fito a Yunwa. Ashe kowa ita yake so, don ita ce mai baƙar alkyabba da gurnani. Aka yi gwajin gurnani, Buhu ya yi nasa har malamin aji huɗu ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

"Amma Malama," in ji Lauya, "Yunwa mai kumatu?"

"Ai cin mutane take yi," in ji Buhu. "Dole ta yi ƙiba."

Ba wanda ya iya ja da wannan.

Kayan wasa kuwa a kan Yaya suka faɗo. Malama tare take zaune da yayarta, tela ce, kekenta na ɗakin gaba kusa da taga. Kwana da kwanaki ɗakin ya cika da soson tsohuwar katifa da kwali da ƙyallayen da masu ɗinki suka bari. Aka yi Karas da ragowar labule ruwan lemo, aka yi Kabeji da koren siket mai tattara, aka naɗe Lauya da farin soso ta zama Ƙwai, hannayenta kawai ke leƙowa. Yaya tana taka keke tana mita.

"Auta, ni da nake ɗinka wa manyan mata, yau ni ce nake auna ƙugun Kifi?"

"Yaya, ki sa masa jela. Jela kawai ta rage."

"Ke dai Allah ya shirye ki. Miƙo min almakashi."

A wajen gwaji komai ya tafi daidai. Buhu yana mutuwa da kyau ƙwarai. Sai ya dafe ƙirji, ya yi juyi biyu, ya zube, ya ɗan harba ƙafa.

Ranar taron Malama ta tashi da fil a baki da jaka a kowace kafaɗa. Yaya ta biyo ta har ƙofa da kofin shayi da dafaffen ƙwai.

"Tsaya ki sa wani abu a cikinki. Jiya ma ban ga kin ci na kirki ba."

"In na dawo, Yaya. Ganyen Karas ya cire, sai na maƙala."

"Da ruwan ciki fa ake jan na rijiya!"

Amma tuni ta sha kwana.

Ɗakin taro ya cika maƙil, fanka ɗaya ce ke juyawa, ita ma kamar an yi mata dole. A gefen dandamali Malama ta jera tebur da abinci na gaske don iyaye su gani: dafaffen ƙwai, ayaba, gyaɗa, karas, lemo, burodi. 'Yan aji ɗaya suka yi waƙar haruffa, 'yan aji biyu suka yi ta lissafi, rana ta take, ita kuwa tana bayan labule tana ɗaure Kabeji, tana raba Kifi da Wake faɗa, tana kai Ayaba banɗaki, wanda sai da aka kwance shi gaba ɗaya aka sake naɗewa.

Aka kira aji uku. Buhu ya fito da alkyabba yana gurnani, wani jariri a layin gaba ya tsandara ihu, iyaye suka fashe da dariya suka hau tafi. Malama ta ga yadda tafin ya shiga yaron, ta ga ƙirjinsa ya buɗe, gabanta ya ɗan faɗi. Abinci suka fito a jere, kowa ya faɗi sunansa da aikinsa. Suka kewaye Yunwa. Ƙwai ta nuna shi da ɗan hannunta ta ce, "Yunwa, kwananki ya ƙare!"

Buhu ya dafe ƙirji, ya yi juyi biyu, ya zube, ya harba ƙafa. Aka yi tafi. Abinci suka ja numfashi za su fara waƙa.

Sai Yunwa ta tashi zaune.

"Gari ya waye!" in ji Buhu. "Na dawo!"

"Buhu, kwanta!" Malama ta yi raɗa daga bayan labule. "Ka mutu!"

"Ke kika ce kullum da safe tana bakin ƙofa, Malama!" ya amsa da ƙarfi, har na bayan ɗaki suka ji.

Dariya ta ɓarke. Abinci suka sake rufe shi, ya sake mutuwa, ya fi na farko kyau. Ya sake tashi. A karo na uku bai tsaya an kashe shi ba, ya yi tsalle daga dandamali ya faɗa cikin iyaye yana gurnani, alkyabba na tashi a bayansa.

"Ta gudu! Ku kama ta!" in ji Lauya.

"Ni namiji ne!" in ji Buhu, yana kutsawa tsakanin kujeru.

Abinci suka bi shi duu. Karas ya taka jelar Kifi, su biyun suka kife. Ƙwai ta yi tuntuɓe a matakala, kuma da yake Yaya ta yi aikinta da gaske, sai ta gangara tana mirginawa har gaban kujerar babanta, tana ba da umarni tana juyawa. Wata tsohuwa ta miƙe tana kaɗa jaka tana cewa, "Jikana ne! Ku bar shi ya ci!" Buhu ya ɓuya a bayan Hedimasta ya riƙe masa riga, Kabeji da Wake suka ja ta gaba, Hedimasta na tsakiya yana cewa a yi a hankali. Yaya kuwa tana layin baya ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta na rawa.

Malama ta fito a guje. Ita ma dariyar ta kama ta, tana kiran sunayensu tana dariya, tana so ta yi fushi abin ya ƙi. Ta kai tsakiyar dandamali sai ta ga fankar ta zama biyu. Kunnuwanta suka ɗauki ƙara, ƙafafunta suka zama kamar na soso. Ta ce bari ta ɗan dafa tebur. Teburin ya yi nisa. Ta sulale ta zauna daɓas, ta kwanta a hankali.

Iyaye suka ɗauka cikin wasan ne. Tafin da aka yi mata ya fi na kowa.

"Yunwa ta kama Malama!" in ji Karas.

Da ta buɗe ido, fuskoki ne kewaye da ita: Kabeji, Ayaba, Kifi da jelarsa a hannu, da Yaya tana yi mata fifita da kwali. Buhu ya yar da alkyabba yana kuka wiwi.

"Wallahi ban taɓa ta ba! Wasa nake yi!"

"Ba kai ba ne," in ji Yaya. "Ta gasken ce. Mai dokar barci ce ta ɓuge da gyangyaɗi."

An riga an tayar da Lauya tsaye. Ta matso, soso duk ƙura, ta sunkuya iya yadda ƙwai zai iya sunkuyawa. Makirufo na kusa, don haka duk ɗakin ya ji.

"Malama, me kika ci da safe?"

Malama ta rufe fuska da hannu.

"Ba komai."

"Jiya da dare fa?"

"Lauya, don Allah."

"Amma Malama!"

Ba su jira umarni ba. Suka zaunar da ita a kujera a tsakiyar dandamali, suka kwaso kayan tebur. Aka yi gardama a kan wanda za ta fara ci, don Wake ya ce gina jiki ne farko, Ayaba ya ce ai jiki sai ya tsaya ake gina shi. Ta ci ayaba, ta ci ƙwai, ta ci burodi, ta sha ruwa, a gaban iyayen makaranta kaf, kowace loma ana yi mata tafi. Kunya ta kama ta har wuya, ga dariya, ga ƙwai a baki. Ba ta taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba.

Lauya kuwa ta samu makirufo, kuma ba mai iya karɓe shi.

"Duk wanda bai karya ba yau ya ɗaga hannu!"

Aka yi dariya, hannaye suka fara tashi. Babanta ya ɗaga. Hedimasta ya ɗaga rabi, ya sauke.

"Yallaɓai, biskit ba ya ciki."

Ya ɗaga duka, ɗaki ya sake kaurewa.

Malama tana share hawayen dariya ta waiga gefenta, sai ta ga hannaye a kan dandamali ma. Kabeji ta ɗaga. Kifi ya ɗaga. Ɗan ƙaramin da ya fito a Dankali ya ɗaga. Su ba dariya suke ba, sun ɗaga ne kawai yadda suke ɗagawa in ana kiran suna, kamar abin da aka saba. Su ne masu kifa kai a tebur tun kafin a fita hutu. Ta yi ta juya ƙwallon taswira tana nuna musu wurare masu nisa, ashe wasunsu sun riga ta sanin darasin.

Ta miƙe ta zuba sauran abincin a tire, ta fara miƙawa daga wannan gefen, kowa da kowa, har Buhu da ke jan majina. Wasu iyayen ma sun gani. Dariyar ɗakin ta ɗan lafa. Wata uwa mai sayar da kayan lambu ta miƙe ta ce kullum da yamma ayaba da lemo suna yi mata saura, gara a ci da su lalace. Mai gidan burodi na bakin titi ya ce shi ma ba za a bar shi a baya ba. Kakar Buhu ta ce tana da kaji, amma a riƙa sa ido a kan jikanta. Aka rera waƙar a makare, bakuna cike, ba wanda ya ji baitin ƙarshe.

Ranar Litinin aka sa tebur a ƙuryar aji uku. Malama ta kafa doka ɗaya: kafin a buɗe littafi kowa sai ya ci, wanda ya karya a gida da wanda bai karya ba, har da ita, ba a tambayar kowa. Ta tsaya tana yanka lemo, yara na wucewa a layi, sai ta ga wani a tsakiyarsu yana tafiya wani iri, gwiwoyi a lanƙwashe, kai a sunkuye, wandonsa na jan ƙasa.

"Kai, wane aji kake?"

"Uku, Malama," ya amsa da murya kamar ta gardi.

Yara suka fashe da ihu. "Ɗan aji shida ne! Shi ne mai buga ƙararrawa!"

Malama ta dube shi, ta dubi taga, inda wasu kawuna biyu suka yi saurin nutsewa. Ta miƙa masa burodi da rabin lemo.

"Miƙe kafin ƙafafunka su sage. Je ka kira waɗancan ma."

Ya fita da gudu. Jim kaɗan suka shigo su uku a jere, dukansu a durƙushe, suna tafiyar agwagwa, fuska a murtuke, kowa na ƙoƙarin ya fi ɗan'uwansa gajarta.